Kafin a Ɗora Madubi a Kan Bindiga

A majalisun samari na Darna Sabon Gari, kamar na cikin Illela da Araba da Kalmalo, akwai wani irin bidiyo da ke yawo daga waya zuwa waya. Ba'amurke ne ko Bature zaune gaban tebur, ya buɗe kwali ya zaro sabuwar bindiga mai sakata tana sheƙi. Ya ɗauko madubin hangen nesa ya ɗaure mata, ya sa mata 'yan ƙafafu biyu na dogarawa, ya maƙala mata maratayi, sannan ya fita fili ya fasa kwalba daga nisan da ido ba ya kaiwa. Cikin minti goma an gama. Saurayin da ya kalla yakan ajiye wayar yana ganin kuɗi ne kaɗai ya raba shi da wannan ƙwarewa, ga kuma iyakar Nijar nan kusa, inda ake cewa babu abin da ba a samu.

Sha'awar ba abin kunya ba ce. Farauta tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, har sarautarta gare ta, kuma Sarkin Baka mutum ne da ake ji da shi a garuruwa da yawa. Wasu samarin kuma tsoro ne ke tura su. Wanda ya ga an kora shanun mahaifinsa, ko aka sayar da gonar gidansu don biyan kuɗin fansa, ba za a ce masa bai san abin da yake ji ba. Sai dai bidiyon yana farawa ne daga inda ya kamata a ƙare. Kafin madubi akwai takardar izini, akwai malamin da zai koyar, akwai filin da harsashi zai faɗa ba tare da ya sami kowa ba, akwai akwatin da za a kulle makamin. Wanda ya tsallake waɗannan ya sayi madubi, ya sayi wahala ne da kuɗinsa.

Ita bindigar, aikinta ba shi da sarƙaƙiya. A bayan bututunta akwai wani ƙarfe mai ɗan hannu da ke aiki kamar sakatar ƙofa: a ɗaga a ja baya, kwanson da aka harba ya faɗo, a tura gaba, sabon harsashi ya shiga, a mayar da hannun ƙasa, ta kulle. Kowane harbi sai an maimaita haka. Wani maƙerin Jamus, Dreyse, ya ƙera irin ta farko da sojoji suka karɓa a 1841. Mauser ta 1898, mai cin harsashi 5, ita ce uwar akasarin bindigogin farauta na yau. Ingila kuma ta fito da Lee-Enfield a 1895, mai cin harsashi 10, wadda tsofaffin 'yan sanda da sojojin Najeriya suka daɗe suna saɓawa a kafaɗa.

Mutanen wannan yanki sun san wannan makami tun kafin a haifi kakannin masu kallon bidiyon. A watan Mayun 1899 ayarin sojan Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ya afka wa Birnin Ƙonni, nan ƙetaren Illela, ya ƙone garin, ya kashe jama'a masu ɗimbin yawa. Bindigogin sojan Faransa na zamanin, Gras ta 1874 da Lebel ta 1886, duk masu sakata ne. Bayan shekara huɗu, ranar 15 ga Maris 1903, dakarun Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya suka tsaya a filin Giginya da dawakai da masu da takubba, gaban bindigogi masu jigida na Ingila. Wannan bambancin makamai shiryayyen abu ne. Tun a 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a birnin Brussels ta hana sayar wa mafi yawan Afirka bindigogin zamani, aka bar mata tsofaffin da ake ɗurawa ta baki da albarushi. Shi ya sa har gobe maharbin ƙasar Hausa adaka yake riƙewa, wadda wasu ke kira bindigar toka ko harba-ka-ruga.

Dokar da ke aiki a yau, Dokar Makamai ta 1959, ta raba bindigogi kashi uku, kuma duk saurayin da zancen ya dame shi ya kamata ya haddace rabon. Kashi na farko shi ne haramtattu: makaman yaƙi, ƙananan bindigogin hannu, da bindigogin soja masu faɗin baki milimita 7.62 ko 9, ko inci .300 ko .303. Waɗannan ba mai ba da izininsu sai Shugaban Ƙasa. Kashi na biyu ya ƙunshi bindigar farauta mai watsa ƙananan harsasai, da bindigar wasanni wadda faɗin bakinta bai faɗa cikin waɗancan ma'aunai ba, da bindigar iska. Izininsu a hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda yake. Kashi na uku su ne na gargajiya da ake ɗurawa ta baki, waɗanda sha'aninsu ke ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha.

Akwai abin lura biyu a nan da masu bidiyo ba za su faɗa ba, don ba da Najeriya suke ba. Bindigogin da suka fi tallatawa, masu harsashin .308 da .30-06, faɗin bakinsu milimita 7.62 ne, daidai ma'aunin da dokar ta lissafa cikin na soja. Sannan bindigar iska, wadda yara da yawa ke ɗauka abin wasa ce ta harbin kurciya, ita ma sai da lasisi.

Dokar ta hana ba da izini ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da wanda shaye-shaye ya yi wa katutu, da wanda kotu ta samu da laifin tashin hankali cikin shekaru biyar da suka wuce. Harsashi ma sai da izini, kuma ba a saye sai a wajen dillali mai rajista. Riƙe haramtacciyar bindiga ba takarda na jawo ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Ban da wannan, a watan Agustan 2023 Muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da sababbin lasisi saboda yawan makaman da ke hannun jama'a. Ko gwamna ba ya iya buɗe wannan ƙofa da bakinsa: a watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce mutanen Zamfara su nemi bindigogi su kare kansu, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Mai son sanin inda maganar lasisi ta kwana sai ya tafi hedikwatar 'yan sanda ta jiha a Sakkwato ya tambaya da bakinsa, kada ya dogara da wani ɗan tsakiya da ya ce ya san hanya.

A nan ne zaman bakin iyaka ke zama jarrabawa. Tun bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011 makamai ke gangarowa ta hamada, kuma barauniyar hanyar da ake bi da shinkafa da fetur tsakanin Ƙonni da Illela ba ta tambayar abin da ke cikin buhu. Saurayin da ke jigila a babur zai iya haɗuwa da wanda zai ce masa akwai kaya, araha, ba mai sani. Ya dace ya tambayi kansa inda wannan bindiga ta kwana kafin ta iso hannunsa. Yawanci tana da lamba a jikinta, kuma mai yiwuwa daga hannun wani soja ko ɗan sanda da aka kashe aka ɗauke ta. Ranar da aka kama ta, wanda aka same ta wurinsa shi zai amsa tambayar wancan jinin. Wanda ya sayar masa kuwa ya san sunansa, ya san gidansu, ya san akwai abin da zai tona masa duk ranar da ya ƙi yi masa wani aiki. Izinin Nijar ba ya aiki a Najeriya, na Najeriya ba ya aiki a Nijar. Kuma a yankin da sojoji ke neman 'yan ƙungiyar Lakurawa da 'yan bindigar daji, daga Tangaza da Gudu har gabashin jihar, jami'in da ya ga saurayi da doguwar bindiga mai madubi ba zai ɗauka zomo yake nema ba.

Ko masu sana'ar da kowa ya sani ba su tsira daga wannan zato ba. A ƙarshen watan Maris na 2025 aka tare wata mota a Uromi ta Jihar Edo, aka ga bindigogin gargajiya a ciki, gungun mutane suka kashe mafarauta 16 da ke hanyar komawa Kano yin Sallah, wasunsu 'yan Ƙaramar Hukumar Bunkure. Zalunci ne tsantsa aka yi musu, babu abin da zai wanke waɗanda suka aikata. Amma ya nuna yadda ganin bindiga kawai ke rufe wa mutane ido a ƙasar nan.

Masu cewa kare kai suke nema su ma akwai abin da ya faru kusa da gida da ya cancanci su tuna. A watan Oktoban 2021 'yan sa-kai suka kashe mutum 11 a kasuwar Mamande ta Ƙaramar Hukumar Gwadabawa, maƙwabciyar Illela. Kafin watan ya ƙare 'yan bindiga suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, mutum sama da 40 suka rasu, 'yan kasuwa da masu sayayya waɗanda ba su san hawa ba balle sauka. Makami a hannun wanda ba shi da shugaban da zai ce masa tsaya yakan jawo ramuwa a kan mutanen da ba su ɗauki komai ba.

To, a ce hanya ta buɗe, mutum ya sami takardarsa ta halal. Abin da ya kamata ya fara koya shi ne nisan da harsashi ke tafiya. Adaka aikinta taku ne 'yan kaɗan. Ƙananan harsasan bindigar tsuntsu sukan zube cikin mita 200 zuwa 300. Amma ɗan ƙaramin harsashin .22, wanda bai kai kan ɗan yatsa ba, yana iya wuce kilomita 2, manyan kuwa suna fita da gudun kusan mita 800 a daƙiƙa ɗaya, suna iya kaiwa kilomita 4 ko fiye. Yanzu a dubi ƙasar Darna: shimfiɗaɗɗiya ce, gona na bin gona, ƙauye na hango ƙauye. Da damina gero da dawa sun fi tsayin mutum, ba a ganin mai noma a ciki. Da rani ga makiyayi, ga mata masu itace, ga yara masu kai abinci, ga amalanken da ke ratsa burtali. Harsashin da ya kuskure zomo yana ci gaba da tafiya har sai wani abu ya tare shi. A kan ruwa kuma, kamar tafkin Kalmalo, yakan daki fuskar ruwan ya yi tsalle ya nufi inda maharbin bai nufa ba. Saboda haka ƙwararru ba sa harbi sai sun ga tudun ƙasa ko ganuwar yashi a bayan abin da suka auna. A ƙasa irin wannan, wuraren da za a harba babbar bindiga cikin aminci ba su da yawa ko kaɗan.

Madubin da samari ke kwaɗayi yana ƙara wannan haɗari ga wanda bai iya ba. Mafi yawan na farawa shi ne wanda aka rubuta wa 3-9x40: yana ninka girman abu daga sau 3 zuwa sau 9, gilashinsa na gaba kuma faɗin milimita 40 ne. A ninki 3, mai leƙawa yana ganin faɗin kimanin mita 11 a nisan mita 100. Da ya murɗa zuwa 9, abin da yake gani bai fi mita 4 ba. Yaron da ke tahowa daga gefe ba ya cikin wannan da'irar sai ya riga ya shigo. Don haka ake barin madubi a ƙaramin ninki, ana duba gefe da gefe da ido biyu kafin a sa ido ɗaya. Kuma ba a leƙa mutum ko abin da ba a gane ba ta madubin bindiga, domin duk inda madubi ya kalla nan bakinta ya kalla. Mai son tantance abu daga nesa sai ya yi amfani da madubin hannu mai ido biyu, wanda ba ya kashe kowa.

Ɗaura shi ma aiki ne na haƙuri. Zobba biyu ke riƙe shi, ana ɗaure su daidai gwargwadon da kamfanin ya rubuta, don matsewa fiye da kima na lotsa bututun madubin, sakewa kuma na sa ya zame. Layukan da suka gicciye a cikinsa dole su miƙe sak. Tsakanin ido da gilashi ana barin tazarar kimanin santimita 8 zuwa 10. Wanda ya manna ido, idan bindiga ta yi baya sai bakin madubin ya tsaga masa gira. Bayan haka sai saiti, wato daidaita inda layukan suka haɗu da inda harsashi ke sauka, ana farawa daga kusa kafin a kai mita 100, a filin da hukuma ta amince da shi, gaban wanda ya iya. A yawancin madubai kowace ƙara ɗaya ta maballin tana matsar da harsashi santimita 1 ko ƙasa da haka a wannan nisan. An sauya irin harsashi, ko bindiga ta faɗi daga babur, saitin ya tashi, sai a sake. Madubin araha na 'yan tebur yakan rasa saitinsa bayan harbi kaɗan, bindigar iska mai sifirin kuma takan farfasa cikin madubin da ba don ita aka yi shi ba, saboda tana girgiza gaba da baya.

Yanayin nan ma ba na masu bidiyo ba ne. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina. Wanda ya cika wa sakata mai, ƙura za ta haɗu da man ta zama taɓo mai cin ƙarfe. Ɗan shafe kaɗan ya isa. Gilashi kuma ana fara hure ƙurarsa kafin a goge da ƙyalle mai laushi, in ba haka ba yashi ya karce shi har abada. Da bazara, zafin da ke tashi daga ƙasa yana sa abin da ke nesa ya riƙa rawa a cikin madubi, kuma ƙara ninki ƙara rawar yake yi.

Cikin kayan haɗi, waɗanda suka fi amfani su ne waɗanda ba a ɗaukar hoto da su. Abin toshe kunne na gaba, domin ƙarar babbar bindiga ta wuce ma'aunin 140 na ƙarfin sauti, inda harbi ɗaya ke iya lalata ji, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Sai tabarau mai kare ido, da sandar wanke bututu. Sai akwatin ƙarfe mai kwaɗo da aka kafe a bango, harsashi kuma a wani wuri daban da nasa makullin. A gidajen Hausawa, inda ƙanne da 'ya'yan yayye ke shiga kowane ɗaki, ƙarƙashin katifa ba maɓoya ba ce. A Ingila 'yan sanda sukan zo gida su duba akwatin kafin su ba da takarda, mai nema ya kawo mutum biyu da za su tsaya masa, ya faɗi dalilinsa, kuma bayan shekara 5 ya sake nema. A Afirka ta Kudu, ƙarƙashin dokarsu ta 2000, sai mutum ya ci jarrabawar ƙwarewa tukuna. Wannan ɓangaren ne ake yankewa daga bidiyo.

Ladubban riƙe makami kuwa Musulmi bai buƙaci aro su daga waje ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, ya kuma umurci mai ratsa kasuwa ko masallaci da kibau ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani rauni. Tsofaffin maharba a kan haka suke renon yaransu: a ɗauki kowace bindiga a matsayin ɗurarriya ko da an rantse babu komai ciki, bakinta ya kalli ƙasa, yatsa ya nisanci kunama sai lokacin harbi. Yaro yakan yi shekaru yana bin maigidansa da gora da jaka, yana koyon sawu da iska da lokacin da dabba ke da ciki, kafin a miƙa masa ita.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba: me za a harba? Abin da ya rage a dajin wannan yanki zomo ne da fakara da zabon daji da hasbiya, sai tsuntsayen ruwa da ke sauka Kalmalo. Babu ɗaya cikinsu da ke buƙatar harsashi mai tafiyar kilomita 4. Manyan namun dajin da kakanni ke ba da labari sun ƙare, kuma bindigar zamani da mota na cikin abin da ya ƙarar da su. Raƙuman dawa na Afirka ta Yamma sun ragu har saura 49 a 1996, duk a yankin Kure na Nijar. Da aka tsare su suka haura 600, har a 2018 aka mayar da 8 gandun Gadabeji a arewacin Maraɗi. Najeriya tana da dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tun 1985, Nijar kuma tana da dokar farauta ta 1998, kowace da jerin dabbobin da taɓa su laifi ne.

Saurayin da harbi ke ba sha'awa da gaske yana da ƙofofi na halal. Cibiyar horar da kuratan soja ta Zariya tana aiki tun 1924, Makarantar Horar da Hafsoshi ta Kaduna tun 1964, ga Kwalejin 'Yan Sanda ta Wudil, ga Kwastam da Shige da Fice waɗanda ɗan Illela ke gani kullum a bakin iyaka. Gwamnatin Ahmed Aliyu ta kafa rundunar tsaron al'umma ta Jihar Sakkwato, mai horo da shugabanni da rajista, kamar yadda Katsina da Zamfara suka yi. A duk waɗannan wurare makami na da ma'ajiya, ana ƙirga harsashi a fita a ƙirga a dawo.

Harbi kuma wasa ne da ake cin lambar zinare da shi. A gasar Olamfik ana harbi da bindigar iska daga nisan mita 10, ana neman ɗigon da faɗinsa rabin milimita ne, kuma doka ta hana sa madubi mai ƙara girma. Da tsayuwa da numfashi da natsuwar yatsa Abhinav Bindra na Indiya ya ci zinare a Beijing a 2008.

Saura waɗanda bindigar ta riga ta shigo gidansu, ta gado ko ta ajiyar wani aboki da ya ce a riƙe masa kwana biyu. Lasisin mamaci ba ya zama na magaji, ajiyar aboki kuma a idon doka ta wanda aka samu da ita ce. Hanyar da ta fi aminci ita ce a sanar da mahaifi ko babban wa, a je wurin mai unguwa ko hakimi, su raka mutum ofishin 'yan sanda na Illela a miƙa ta a karɓi shaidar miƙawa a rubuce. Tun 2021 akwai cibiyar ƙasa ta kula da ƙananan makamai ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, wadda ke tattara irin waɗannan bindigogi tana lalata su.